Mangwaron Baba Guga

Baba Guga ake ce masa, don tun yana saurayi wanki da guga ne sana'arsa. A bayan gidansa akwai ɗan fili mai famfo da dandamalin siminti da igiyoyin shanya. Nan ya dasa mangwaro shekarar da aka haifa masa ɗan fari, ya haƙa 'yar magudana daga dandamalin yadda duk ruwan ɗauraya zai gangara gindin itacen. Dabara ce da yake ji da ita, duk wanda ya kawo wanki sai an nuna masa.

Itace kuwa ya yi girma, ganye shar, inuwa har ta rufe rabin gida. Amma 'ya'ya? Ko na magani. Fure ma bai taɓa yi ba. Abin da ya fi ci wa Baba Guga rai shi ne mangwaron garejin tsallaken titi, wani ƙanjamamme da aka kafa wa ƙusoshi ana rataya tsofaffin tayoyi. Ba mai ba shi ko ɗigon ruwa, amma duk shekara sai rassansa sun sunkuya da 'ya'ya.

"Dubi wancan ɗan iska, don Allah," yakan ce wa matarsa. "Baƙin mai yake sha, amma yana haihuwa. Nawa me ya rasa?"

"Naka ai ɗan gata ne, Malam," in ji ta. "Ka taɓa ganin ɗan gata yana aiki?"

Ba abin da bai gwada ba. Ya zuba taki, ya zuba toka, ya rage rassa. Har faɗa ya sha yi masa in ya ga ba kowa a kusa.

Ɗan farin nan, wanda ake kira Babba, mai gyaran lantarki ne. Ɗaki ɗaya yake ciki da matarsa da 'ya'ya biyu, ga wani cikin ya tsufa. Wata safiya ya zo ya durƙusa gefen teburin guga.

"Baba, ɗakin ya yi mana kaɗan. In aka sare itacen nan, ɗaki biyu zai fita a wurin. In ba haka ba sai na nemi haya, kuma na duba, a kusa babu."

"A sare? Kai, ka san tsaranka ne kuwa?"

"Tsaran nasa dai ya haifi biyu, na uku na hanya," in ji uwar daga bakin murhu.

Baba Guga ya dangwarar da dutsen guga. Ba ya son jikokinsa su bar gidan, su ne masu ɓoye masa hula suna kiransa Tsoho. Amma itacen ma ba ya iya rabuwa da shi haka kawai, bayan duk ruwan da ya sha. Sai ya yanke: a ba shi shekarar nan. In bai yi 'ya'ya ba, shi da hannunsa zai ɗauki gatari. In ya yi, magana ta ƙare. Babba ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

A ranar Baba Guga ya je wurin wani mai sayar da dashe a bakin titi, ya zayyana masa komai, har da magudanar, yana faɗa yana taƙama. Mutumin ya kama baki.

"Haba Baba! Ai ƙoshi ne ya yi masa yawa. Mangwaro in bai ji ƙishi ba bayan damina, ganye kawai zai yi ta yi. Ka hana shi ruwa."

Baba Guga ya dawo gida kamar ya fashe. Ashe dabarar da ya yi shekara da shekaru yana nuna wa mutane ita ce cutar! Ya kwaɓa siminti ya toshe magudanar. To, ruwan wanki kuma dole ya je wani wuri. Sai ga tsoho yana ɗaukar bokiti biyu, ya ratsa tsakar gida, ya fita ƙofa, ya juye a kwata, ya dawo, ya sake. Bayansa ya riƙe. Aiki ya riƙa kwana, masu kaya suna mita, wani mai masauki ma ya kwashe zannuwan gadonsa ya kai wani wuri.

Rannan Baba Guga ya kama matarsa tana watsa ruwan wanke-wanke a gindin itacen.

"Innalillahi! Ke kashe ni za ki yi?"

"Mantuwa ce, Malam. Hannu ya saba."

"To hannun ya manta da sabon!"

Shi kansa, da ya ga ganyen ya dusashe ya yi ƙura, sai tausayi ya kama shi. In ya zo wucewa da bokiti sai ya kau da kai.

Wata safiya yana shanya ya ji ƙamshi da bai sani ba. Ya ɗaga kai: fure, ko'ina fure, ƙudan zuma na ta shawagi. Ya kwarma kira, gida ya fito. Jikoki suna tsalle. Babba ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce a hankali, "Ma sha Allah, Baba. Ka ci."

Da suka keɓe, matarsa ta ce, "Malam, ka ga fure, ranka ya yi sanyi. Ka ce wa Babba ya sare."

"Bayan bayana ya karye? Ba inda zai je, cika baki ne."

Ba cika baki ba ne. Kafin matar Babba ta haihu, mota ta zo ta kwashe kayansu zuwa can ƙarshen gari, inda sai an hau mota biyu.

Mangwaro ya nuna, manya, ba zare, zaƙi kamar zuma. Baba Guga ya sha ɗaya, ya sha rabin na biyu, ya ajiye. Maƙwabta suka samu, masu kawo wanki suka samu, har 'yan gareji ya aika wa don su san shi ma ya iya. Duk da haka ransa ba daɗi. Gidan ya yi shiru, kuma ya san shi ya jawo.

Da abin ya ishe shi, ya sa matarsa ta kira Babba a waya, ya karɓa.

"Kana ji? In an gama tsinka, ka zo da gatari da magina. Na yarda."

Daga can ɓangaren Babba ya ce:

"A'a Baba, a bar shi, ka sha wahala a kansa. Mu mun riga mun zauna, yara ma sun shiga makaranta a nan. In an yi hutu zan kawo su."

Ya miƙa mata wayar ya koma kan guga. Bai gama riga ɗaya ba ya ji tim a kan rufin kwano, nunanne ya gangaro ya faɗo tsakar gida. Ya ɗaga dutsen guga, ya kasa kunne ko zai ji gudun ƙananan ƙafafu.

"Malam," in ji matarsa daga ɗaki, "je ka ɗauka mana, kafin kaji su fasa shi."