Ranar da Maigidana Ya Watsa wa Ubangidansa Taɓo

Na manta abubuwa da yawa na zamanmu a Kaduna, har sunayen wasu maƙwabtanmu sun ɓace mini, amma shekarar da maigidana ya shiga tseren mota tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a binne ni. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Muna zaune a Unguwar Kanawa, ni da shi da mahaifiyarsa da muke kira Inna, ina goyon 'yarmu ta fari. Shi makaniki ne a garejin gwamnati.

Turawan garin suna da kulob na masu son mota. Sun share wani fili a bayan Kurmin Mashi, lokacin wurin duk daji ne, suka fitar da 'yar hanya zagayayya, suka jera durom-durom a kowace kwana. Da rani sukan yi tsere sau shida, ranar Asabar da yamma. In sun gama nasu, sai su bar wa makanikai filin su gwada motocin da suka harhaɗa da hannunsu daga tarkace. Mota shida kawai ake ɗauka, masu so kuwa sun fi haka, shi ya sa aka kafa doka: sabon shiga, in aka gama tseren shekara bai taɓa shiga cikin ukun farko ba, sai ya ba wani wuri.

Shekara guda cur maigidana ya yi yana haɗa tasa a bayan katangarmu. Ba rufi, ba gilashi, kujera ɗaya tal. Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin abu, ko kaza ce ta yi kuka sai na leƙa na ga dalili. Na dame shi da tambaya har ya riƙa cewa da a makaranta aka sa ni da na kori malamai. Amma a haka na san totur ɗin mota, na san giyarta, kuma saboda duk gwajin injin a kunnena aka yi shi, na san muryar motar nan kamar yadda na san kukan 'yata. Ina daka a tsakar gida zan gaya maka ko an ba ta wuta ko an ɗaga ƙafa.

Inna ce dai abin bai taɓa shigar mata ba. Ranar tseren farko ta tashi ta yi masa dambun nama ta ƙulle a tsumma, tunda a saninta wanda zai shiga mota tafiya zai yi. Ta tambaye shi Zariya za su ko Kano. Da ya ce babu inda za su, zagayawa kawai za su yi sau goma sha biyar su tsaya inda suka tashi, sai ta dube shi ta dube ni, ta ce to Allah ya shirya, ta mayar da dambunta ɗaki.

Akwai mutum guda da sai an san shi za a gane labarin nan. Babban makanikin garejin ne, dattijo, Kirista daga kudancin lardi, kowa Baba yake ce masa. Shi ya ɗauki maigidana bayan rasuwar mahaifinsa, ya koya masa riƙe sifana, ya koya masa tuƙi, ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki. Da aka je neman aurena ma yana cikin manyan da suka zauna. Matarsa, Mama, ita ta yi mini wankan jego tare da Inna. Shi ma Baba yana cikin masu tseren, kuma a da babu mai kamo shi, sai dai girma ya zo, wasu samari biyu sun riga sun sha gabansa.

Tsere uku na farko ban je ba, sai dai labari. Maigidana ya dawo jikinsa duk jan taɓo, don kafin a fara motar tanki kan jiƙa hanyar, duk wanda aka wuce kuwa fuskarsa ce ke shan abin da tayoyi suka watso. In na tambaya ya ce ya zo na huɗu, Baba na uku. Wata Asabar ɗin Baba ya zo na huɗu, shi kuma na biyar. Ban kawo komai a raina ba, sai da na ji matan abokan aikinsa a bakin famfo suna tambayata ya jikin ɗan rakiya. Ashe sunan da aka laƙaba masa ke nan a gareji. Na yi dariya tare da su don kada su ga lagona, amma na koma gida zuciyata tana tafasa.

Na matsa sai na je na gani da idona. Ya yi ta nuƙu-nuƙu, sai da Mama ta ce ita za ta zo ta ɗauke ni ta dawo da ni, sannan ya yarda. Inna ma ta yafa mayafi ta biyo mu, wai ba kallo za ta ba, tsaron jikarta za ta yi.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. An ja igiya, mutane sun yi dafifi a bayanta, masu rake da masu gyaɗa suna ta kai da kawo, Turawa suna can ƙarƙashin rumfa. Wani dogon Bature ya ɗaga tuta ya sauke, motocin nan shida suka zabura gaba ɗaya, ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Sabon shiga daga baya yake tashi, amma kafin zagaye na huɗu maigidana ya wuce mutum biyu kamar suna tsaye. Na ce a raina yau za a san wane ne ɗan rakiya. Sai ya iso bayan motar Baba. Nan na ji abin da babu wanda ya ji a filin: muryar motarmu ta taso, ta taso, tana gab da kai ƙarshe sai ta kwanta. Aka zagayo, ta sake tasowa, ta sake kwantawa a daidai wurin. Na rufe ido don in tabbatar ba idona ke ruɗina ba. Sau goma na ƙirga. Motar lafiyarta ƙalau, mai ita ne yake ɗaga ƙafa.

Da muka koma gida na bari sai da ya yi wanka ya ci tuwo, sannan na ce masa na ji abin da yake yi. Da farko ya ce kabireto ne ke ba shi matsala. Na ce kabireton nan mai ladabi ne ƙwarai, tunda ba ya tashi ciwo sai ya ga ƙeyar Baba. Sai ya ce:

"To ya kike so in yi? Mutumin da ban taɓa shiga gabansa ko a ƙofar gareji ba, shi zan wuce a bainar jama'a in watsa masa taɓo a fuska?"

Na ce in dai rakiya ce ya sayar da motar ya sayi keke, ya fi sauƙin mai. Bakina bai da linzami a lokacin, na sani. Inna tana jin mu daga ɗakinta, ta fito ta ce ɗanta ya yi daidai, ita ba ta haifi wanda zai tsallake ubangidansa ba, kuma in na raba shi da mutumin da ya riƙe shi, ni da Allah. Ina son ganin mijina ya fita kunya, amma ban shirya ɗaukar wannan alhakin ba.

Tsere na biyar ya zo ya wuce, na huɗu dai ya sake zuwa. Saura guda. Maigidana ya daina cin abinci sosai, in ya taso aiki sai ya zauna kusa da motar yana goge abin da ba shi da datti. Inna ta lura, uwa ce. Ranar Alhamis ta kira shi ta ce ita ta ga mafita. Ai ko a hanya ka iske babba yana tafiya a hankali, sallama kake yi ka nemi izini sannan ka wuce. Ya je ya nemi izinin Baba kawai, in ya ba shi shi ke nan, babu rashin kunya. Duka muka ga wannan dabara ce, har na ji haushin ban riga ta tunowa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi gidan Baba, ni da hujjar kai wa Mama daddawa. Muka tarar da Baba a tsakar gida kan kujerar katako yana wanke fulogin mota a cikin gwangwani. Maigidana ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga gaisuwa zuwa labarin zafi, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ni ina bakin madafa, kunnena duk yana can. Baba bai ko ɗago kai ba. Ya hura fulogin, ya duba shi a haske, sannan ya ce:

"Izini? Ban bayar ba. Ko taki ɗaya ba zan matsa maka ba. Ka gaishe da Inna."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Muka dawo gida. Inna da ta ji sai ta ce to magana ta ƙare, babba ya hana. Ni kuwa tsoro ya kama ni, na ga kamar garin neman gyara mun ɓata. Yanzu in ya wuce, ya wuce ne a kan hani, in ya tsaya kuma ya rasa wurinsa, motar da ya shekara yana haɗawa ta zama wurin kwanan kaji. Ban ƙara ce masa komai ba, kuma wannan shi ne karo na farko da na riƙe bakina ba tare da an roƙe ni ba.

Asabar muka koma filin, ni da Inna da Mama. Aka sauke tuta. Kamar kullum, kafin a jima yana bayan Baba, samarin nan biyu suna gaba. Muryar motar ta taso ta kwanta, ta taso ta kwanta. Baba kuwa ya cika alkawari, duk inda maigidana ya karkata sai ya tare. Zagaye na goma ya wuce, na sha biyu ya wuce. Na ji wani a bayana yana cewa ɗan rakiya dai ya kusa kai amarya ɗaki, mutane suka yi dariya. Na sunkuyar da kai ina jijjiga 'yata, don ba na son a ga idona.

Da kunne na fara sani. A zagaye na sha huɗu muryar ta taso, na jira ta kwanta, ba ta kwanta ba. Na ɗago kai na gan shi ya buɗe ta waje a kwanar ƙarshe, inda ruwa ya fi taruwa, tayoyinsa suna gogar durom. Suka jera kafaɗa da kafaɗa, sannan ya fice. Taɓon da ya tashi ya rufe Baba ruf, har sai da motarsa ta yi tangal-tangal. Inna ta damƙe hannuna tana salati, farcenta ya bar mini shaida kwana uku. Maigidana ya zo na uku, Baba na huɗu.

Mutane suna ta sowa, shi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ya diro daga motar, ya cire takalmi, ya taka cikin caɓi har inda Baba ya tsaya, ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Filin ya yi tsit. Baba ya fito a hankali, ba ka ganin komai a fuskarsa sai ido. Mama ta ruga da buta da tsumma, ya ɗaga mata hannu ya ce ta bari. Na ce a raina yau mun rasa uba.

Sai Baba ya kama wuyan hannun maigidana ya ɗaga shi tsaye. Ya ja shi, suka bi gefen igiya a gaban jama'a, har gaban rumfar Turawa. Ya nuna fuskarsa da yatsa, ya nuna maigidana, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Kun ga wannan aikin? Ni na koya masa."

Daga baya Mama ta gaya mini cewa tun tsere na biyu Baba ya gane maigidana ɗaga masa ƙafa yake yi, yana ganinsa a madubi, kuma abin yana cinsa fiye da yadda yake cin mu. A gareji ba ɗan rakiya kawai ake cewa ba, har da cewa tsoho ya ɓoye wa yaronsa sirrin tuƙi don kada ya fi shi. Da ya ba da izini, da an ce kyauta aka yi. A ranar bai yarda ya wanke fuskar ba, haka ya ratsa gari da ita, duk wanda ya tambaya sai ya tsaya ya ba shi labari tun daga farko. Inna ta yi kuka a hanyarmu ta komawa, ni ma na yi, ko da yake na ce mata hayaƙin mota ne.

Yau dukansu sun riga mu gidan gaskiya, filin ma gidaje sun cinye shi. Na yi shekaru ina koyar da 'yan mata ɗinki a gida, kuma duk wadda na ga tana rage hannu don kada aikinta ya fi nawa kyau, nakan warware shi in ce ta sake. Abin da na koya a ranar nan shi ne, ladabi ba ya nufin ka ɓoye abin da aka koya maka. Wanda ya koyar da kai tsakani da Allah ba ya son ya waiwaya kullum ya gan ka a bayansa, so yake wata rana ya ɗaga kai ya hango ka a gaba.