Tukwanen Cima

Kafin shekarar da fara ta cinye gonaki, duk Karofane babu mai dafa giya kamar Cima. Gadon gidansu ne, gidan Azna. Da yunwa ta wuce, mijinta Gado ya kama salla, ita ma ta bi shi da zuciya ɗaya. Ta zubar da tsiron dawar da ya rage mata, ta koma sana'ar fura.

Abu guda take nema: mutanen masallaci su sha daga hannunta. Tana ganin ranar da suka sha, ranar ce ta zama tasu.

Azumin farko ta dama fura da nonon Fulani, ta aika masallaci don buɗa baki. Ƙwarya ta dawo cike, ko ƙuda bai rage ta ba. Ta je ta durƙusa gaban Liman Halidu, tsoho mai sanyin magana, ta tambayi laifinta. Ya ce ba ta da laifi, sai dai tukunyar ƙasa tana shanye abin da aka daɗe ana dafawa a cikinta, gara ta sake. Cima ta fasa tukwane tara, har da wadda kakarta ta bar mata, ta taka zuwa kasuwar Buza ta ɗauko sababbi a ka.

Ƙwarya ta sake dawowa. Wannan karon ladan Ɗantala ne, wanda karatunsa bai kai tsawon gemunsa ba, ya ce ai ba a sake ludayi ba. Ta sake. Da shekara ta zagayo ya tuna da turmi. Aka faskara turmi aka yi wuta da shi. Gado ya ce in aka ci gaba haka, shi ma ya fara shiri, don ya fi turmin shan giyarta.

Abin da ya fi ƙona mata rai, rabin masu kawar da kai ta san su tun suna zama gindin tsamiyarta, ta san wanda ke yin waƙa bayan ƙoƙo na uku. Ba ta taɓa tona kowa ba.

A azumi na huɗu Ɗantala ya ce saura hannu, hannun da ya shekara ashirin yana tace giya. Ran nan Cima ba ta aiki kowa ba. Ta ɗauki ƙwaryarta da kanta, ta tsaya ƙofar masallaci ana dab da shan ruwa, ta ajiye gaban Liman, ta miƙa masa hannuwanta biyu.

"Allah shi gafarta Malam, ga su. A wace kasuwa aka saida sabbi? In tahi gobe."

Ta zayyana masa duk abin da Ɗantala ya sa ta sake, da abin da ya ce kan hannunta. Liman bai san da maganar ludayi da turmi ba, sai a nan ya ji. Ya dubi Ɗantala ya daɗe, har ladan ya tuna lokacin kiran salla ya yi. Sannan ya yi bisimilla, ya kai ludayi baki sau uku, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Hannun da ka alwala sau biyar ya wanku, ɗiyata," in ji shi. "Amma gobe ki rage barkono, tsoho nike."

Cima ta tsaya a nan har aka kai ƙasan ƙwarya, tana lura da wanda ya sha da wanda ya yi tari ya wuce. Biyu suka wuce. Ta koma gida tana mita, ta ɗibi geron gobe.