Zaman Baba a Ranar Jibin Ubangiji

Ranar Asabar da hantsi labarin ya iso gidanmu a Tudun Wada. Baba yana goge farar rigar da yake sawa in zai yi karatu a coci, sai wayar Mama ta yi ƙara. Matar Baba Ƙarami ce daga Hanwa. Mama ta saurara, ta ajiye wayar a cinya, ta ce wa Baba, "Ƙanenka ya rasu." Baba ya jingine dutsen guga, ya zauna. Ni na naɗe rigar.

Baba dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma shi ke koyar da masu shirin fara karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a gaban bagade. Ni ma a ajinsa na zauna. Abin da ya fi nanatawa shi ne, wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya kada ya matso gaban bagade, ya je su shirya tukuna. Ya sha mayar da yara gida a kan wannan.

Da kakarmu ta rasu, Baba ya so a binne ta a makabartar coci, kusa da mijinta. Baba Ƙarami ya ce ta bar masa wasiyya a kai ta ƙauye. Kafin Baba ya dawo daga wurin masu haƙa kabari, an riga an sa gawa a mota. Ya bi su aka yi jana'iza, amma daga ranar ba su sake magana ba.

Lahadin Jibi ta farko bayan haka, jama'a suka riƙa tashi layi-layi zuwa gaba. Baba yana bencin farko. Ya janye gwiwoyinsa aka wuce, bai tashi ba. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, a gaban kowa.

Rabaran ya taɓa zuwa gida a kan maganar. Ya ce, "Baba, ka zo ka karɓa, Allah ya san zuciyarka."

Baba ya ce, "Ai shi ya sa nake zaune, Rabaran."

Mama ba ta lallashi. Takan ce, "Hanwa fa ba Legas ba ce. Tashi ka je."

"Shi ne ƙarami, shi zai zo."

"Au, haka kake koya wa yaran? Babba ya miƙe ƙafa ya jira?"

A coci wasu suna yaba masa, wai ba ya wasa da abin da bakinsa ya faɗa. Wasu kuma suka ce girman kai ne kawai. Rabin koyarwar ya riƙe gam, rabin ya gagare shi.

Ni ban daina zuwa Hanwa ba. Baba Ƙarami yakan rako ni har bakin titi, sannan ya tambaya, "Yayana yana shan maganin hawan jininsa?" In na faɗa wa Baba, sai ya ce, "Ka ce masa ina sha." Iyakar saƙon da na taɓa ɗauka tsakaninsu ke nan.

A ƙauye aka binne Baba Ƙarami, gefen kakarmu. Baba ya karɓi shebur ya zuba ƙasa har sai da aka riƙe hannunsa.

Bayan mun dawo, Rabaran ya sake zuwa. Ya ce wanda za a shirya da shi ya tafi, kuma alherin Allah bai ƙare ba, Baba ya tashi ya karɓa. Baba ya ce, "Ban taɓa koya wa yara abin da ake yi in mutumin ya mutu ba. Ni ma ban sani ba. Bari in yi tunani."

Ya miƙa ajin ga wani dattijo. Yana zuwa coci kowace Lahadi, yana zama a bencin farko. Har yau bai ba Rabaran amsa ba.