Halo da Makirufo na Biyu

Na fara ganin Halo ranar Talata, tara ga watan Maris, shekara ashirin da biyar ke nan. A ranar na kama aikin akawu a ofishin yaƙin neman zaɓen wani malamin gona da ke neman kujerar majalisar ƙasa. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan shagon wani tela, da tebur guda, da benci biyu, da fankar da ta daina juya kai. Aikina shi ne in rubuta abin da aka kawo na gudummawa da abin da aka kashe, domin hukumar zaɓe tana neman bayani a ƙarshe.

Ina cikin jan layi a sabon littafi sai wani mutum ya shigo da baya, yana janye da akwatin lasifika da ya kusa kai shi tsawo. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da sukundireba a aljihun gaba, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Mai gyaran rediyo ne a bakin tasha, yana kuma ba da hayar lasifika ga masu taro. Sunan Halo daga gwajin makirufo ya same shi. Kafin kowane taro sai ya yi ta cewa "halo, halo" har yaran unguwa su ɗauka su bi shi da ita. Ko matarsa haka take kiransa, ta ce da shi ne kawai yake juyowa.

Na tambaye shi nawa ne kuɗin haya in rubuta. Ya kalle ni kamar na zage shi.

"Malam Akawu, yau ka zo ko? To buɗe ɗaya shafin. Ni ba ɗan haya ba ne. Cikin masu bayarwa za ka sa ni."

Na yi masa bayanin cewa duk wanda ya ba da kaya ko aiki kyauta, doka ta ce sai an ƙiyasta kuɗinsa. Na faɗi adadin da nake ganin ya dace. Nan fa muka shiga ciniki irin wanda ban taɓa yi ba, mutum yana ja da ni in ƙara wa abin da zai bayar kyauta kuɗi. Ya ce kada in karya wa kayansa daraja, amfilifayarsa ba irin ta 'yan tallar magani ba ce. Sai da tela ya leƙo ya raba mu.

Daga baya na fahimci dalilinsa. Halo ya daɗe yana haɗa wa 'yan siyasa lasifika. A ganinsa wanda aka biya an gama da shi, a ce ya kunna ya kunna, a ce ya kashe ya kashe. Wanda ya bayar kuwa yana da bakin magana. Shi kuma abu ɗaya yake so a bar masa: makirufo na biyu. Na farko na ɗan takara ne a gaba. Na biyu yana da doguwar waya da ya haɗa da kansa, wadda takan kai har bayan taro. Ya ce shekara da shekaru yana tsayawa a baya wurin janareta, yana jin mutane suna gunagunin tambayoyinsu a tsakaninsu, su koma gida da su. Idan ɗan takara ya gama jawabi, shi zai zagaya da makirufo na biyu, duk mai magana ya yi.

Malamin gona ya yarda, wataƙila don ba shi da kuɗin hayar wasu kayan. Gudummawar wannan zaɓen duk ta ƙananan mutane ce. Tela ya ba da ɗaki, wani direba ya ba da a-kori-kurarsa kwana biyu a mako, matan kasuwa suka yi karo-karo aka buga fosta. Taronmu yakan yi tsawo, don mutane sun ga dama ta samu. Da farko ɗan takara yakan yi gumi yana kame-kame. A hankali ya koyi cewa, "Ban sani ba, amma zan tambayo," kuma in ya dawo garin sai ya zo da amsa. Da haka ya ci zaɓe. Abokin takararsa yana da motoci fiye da yawan kujerunmu, amma bai taɓa tsayawa an tambaye shi komai ba.

Sau biyar a jere Ɗan Majalisa yana cin zaɓe. Ya fara daga kwamitin noma, ya ƙare a shugaban kwamitin hanyoyi da sufuri. A hannunsa aka samu gadar da ta haɗa ƙauyukan gabas da kasuwa, da ɗakin haihuwa a ƙaramin asibiti, da dokar da ta hana a kori direban haya ba sallama. Ofishinmu ya tashi daga bayan shagon tela ya koma bene. Littafina ma ya canza kama, sunaye suna raguwa, adadi yana ƙaruwa. Sunan Halo dai yana nan kowane zaɓe, kuma kowane zaɓe sai mun yi cinikin nan.

Ba kullum makirufo na biyu ke kawo daɗi ba. Wata mata ta taɓa tambayar Ɗan Majalisa dalilin da ya sa 'ya'yansa ba sa makarantar da ya ce ya gyara. Wani saurayi ya ce masa sun tura siririn mutum majalisa an dawo musu da tumbi, ina sauran? Ɗan Majalisa ya shafa cikinsa ya ce zama ne ya yi yawa, aka yi dariya. Hadimai sukan lallaɓo su raɗa wa Halo ya rage murya. Yakan ce kunnensa na hagu ba ya ji sosai, su zagayo ta dama, in sun zagayo sai ya juya. Sau ɗaya tak na ga ya kashe makirufo, ranar da wani ya fara zagin mahaifiyar Ɗan Majalisa.

A zaɓe na shida abubuwa suka yi tsanani. Abokin takara matashi ne, da baki, da kuɗi. A daidai lokacin wani attajiri mai kamfanin tireloli, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya shigo da gudummawa: motoci, dandamali mai fitilu, da kamfanin sauti daga babban birni. Komai bisa doka ne, ni na rubuta. Sai dai tirelolin Ciyaman ta tsakiyar kasuwa suke bi zuwa ma'ajiyarsa. Sun farfasa titi, sun ture rumfuna, ɗaya ta taka ƙafar wani mai tura baro. Mutanen kasuwa sun kai koke gaban kwamitin Ɗan Majalisa, zaman sauraron koken kuma ana ta ɗage shi. Ciyaman bai rubuta sharaɗi ba, amma da aka fito da tsarin babban taro, babu lokacin tambayoyi a ciki.

Daraktan kamfe, wani ɗan boko mai ladabi da ke auren 'yar ƙanwar Ɗan Majalisa, ya ce in raka shi shagon Halo tunda mun saba. Muka same shi a kan kujerarsa mai ƙafa uku, 'yarsa ta fari tana gyaran wata wayar hannu a ƙarƙashin fitila, don yanzu ita ke riƙe da rabin aikin. Darakta ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi dogon bayani a kan shekarun da Baba ya yi yana wahala, ya ajiye ambulan a kan tebur, ya ce a huta a wannan karon. Halo ya sa aka kawo shayi. Ya tambayi darakta lafiyar iyali, ya tambayi jaririn da aka haifa musu ko ya fara zama. Da muka tashi sai ya ɗauki ambulan ya sa wa darakta a aljihu da hannunsa, ya gyara masa wuyan riga, ya ce a saya wa yaro madara. Sannan ya juyo gare ni.

"Akawu, an cire ni daga shafin?"

Na ce ba a cire shi ba. Ya ce to shi ke nan.

Washegari da safe Halo ya je gidan Ɗan Majalisa, ina can na kai takardu a sa hannu. Shi kaɗai ne har lokacin yake kiransa Malam, kamar zamanin aikin gona. Ɗan Majalisa ya sallami mutanen falo, ya ce ni in zauna. Ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce zaɓen yanzu ba irin na da ba ne, fosta kaɗai ta fi kuɗin kamfe ɗinmu na farko gaba ɗaya. Ya ce in ya faɗi, yaron nan ba zai ko buɗe takardar koken ba. A bari a wuce zaɓe, zai kira zaman.

"Yaya Halo, taro ɗaya ne fa."

"Malam, ni ban ce ka faɗi ba. Cewa na yi ka ji. Ciyaman ya ba da nasa an yi masa abin da yake so. Ni ma na ba da nawa, kuma na riga shi."

Ɗan Majalisa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce bari mu gani.

An yi taron da la'asar a filin ƙwallo. Lasifikun kamfani sun kai tsawon bene, in aka buga kiɗa har cikin ƙirji ake ji. Ciyaman yana zaune a layin gaba a kan dandamali. Ni ina gefe da masu raba ruwa, sai na hango Halo can baya yana turo baro, tsohon akwatinsa a ciki da batirin mota, 'yarsa tana biye da naɗin waya a kafaɗa. Ya kafa kayansa a gindin ragar gola. Ɗan Majalisa ya kai tsakiyar jawabi, yana lissafa gada da asibiti, ya tsaya ya sha ruwa. A cikin wannan shirun aka ji wata 'yar murya daga baya: "Halo. Halo, halo."

Tsofaffi suka fara dariya, suka juya. Masu tsaro biyu suka nufi wurin, ɗaya ya riƙe hannun baron. Halo bai yi gardama ba, ya dai ɗaga makirufo sama yadda za a gan shi daga dandamali. Na kalli Ɗan Majalisa. Ya kalli takardarsa, ya kalli layin gaba, ya sake kallon takarda. Na ɗauka zai ci gaba da karatu.

"Ku bar shi," in ji shi. "Wa ke da magana?"

Wata mai sayar da kwanuka ce ta karɓa, wadda tirela ta taɓa ture wa rumfa. Ta ce tambayarta biyu ce. Wa ya biya kuɗin wannan dandamali? Kuma yaushe kwamiti zai zauna a kan kokensu? Ɗan Majalisa ya yi gyaran murya. Ya ce mai tirelolin ne ya biya, ga shi nan zaune. Ya ce jinkirin daga gare shi ne, ba daga kowa ba. Sannan ya yanka ranar zama a gaban jama'a, ya ce in ya koma zai kira shi, in bai koma ba zai kira shi kafin ya miƙa ofis. Bayanta mutane da dama suka yi magana, yawancinsu a kan wasu abubuwan daban, ruwan famfo da kuɗin makaranta.

Ciyaman ya zauna har ƙarshe, ya gaisa da kowa da fara'a. Bayan kwana biyu direbobinsa suka zo suka kwashe motocin, wai za a kai su gyara. Sauran kamfe ɗin a bayan a-kori-kura muka yi shi, da akwatin Halo ɗaure da igiya. Wasu 'yan kasuwa sun yi karo-karo kamar da, amma ba zan ce sun cike gurbin ba. Ƙauyuka da dama ba mu samu zuwa ba. Ɗan Majalisa ya ci da ƙyar, da rata mafi ƙanƙanta a duk zaɓukansa.

Bai yafe wa Halo da wuri ba. Ya taɓa ce mini mutumin nan saura kaɗan ya gama da shi, ya yi kusan shekara ba ya ambaton sunansa. Amma ya kira zaman a ranar da ya yanka. Aka hana tireloli shiga kasuwa da rana, aka sa kamfanin ya biya mai baro diyya. Hanyar zagaye da aka amince za a yi musu har yau ba a ƙarasa ta ba. Lokacin da aka kwantar da Halo asibiti saboda kunnensa, Ɗan Majalisa ya je dubiya shi kaɗai ba hadimi. Halo ya gaya mini sun daɗe suna hirar farashin taki da wani direbanmu da ya rasu. Babu wanda ya tayar da maganar filin ƙwallo.

Ɗan Majalisa ya kammala wa'adinsa bara, bai sake tsayawa ba, ya koma gonarsa. Halo kuwa aikin da aka yi masa bai ceci kunnen hagu ba, na dama ma ya ragu. Ya daina zuwa taruka, ya bar wa 'yarsa shagon gaba ɗaya. Yana nan a gidansa na bayan tasha tare da matarsa da jikoki. Da safe yakan je shagon ya zauna a bakin ƙofa yana yi wa masu kawo gyara faɗa a kan yadda suke riƙe kayansu, da azahar ya koma gida.