Amsar da Na Ajiye wa Dutsen Niƙa

Jikata takan kunna waƙa a wayarta tana wanke-wanke. Wata yarinya ce ke rerawa, wai ta kasa barci, ta kasa ci, duk saboda wani. Na ce, "Ke, wannan ba ta da iyaye ne?" Ta ce, "Kai Hajiya, ku a da ba ku san soyayya ba!"

Mun sani. Wurin faɗi ne ba mu da shi, sai kan dutsen niƙa.

A gidanmu na Fagge dutsen yana jikin katanga, bayan katangar kuwa lungu ne. Kullum da hantsi wani dogon saurayi mai gyaran rediyo yakan bi ta nan a kan keke. In na ji ƙarar kekensa sai in ɗaga murya. Ba na kama suna. Waƙar gero ce, waƙar tsuntsu ce, amma keken yakan tsaya.

Kwanci tashi, ya zo zance. Ya tsaya a soro ya ce, "Ni a Sabon Gari na tashi, can in mutum yana so faɗi yake yi. Kina so na?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. A wurinmu wannan ai amsa ce, kowane ɗan Fagge ya san ta. Shi bai sani ba. Ya jira, ya jira, can ya ce, "To, gobe zan biyo ta lungu. In na ji waƙa, na ji amsa."

Na shirya waƙata tsaf. Ko tsuntsu ban sa a ciki ba. Dogo na sa, mai keke.

Gari ya waye, Inna ta miƙo mini ƙwaryar gero. "An kafa injin niƙa a bakin kasuwar Sabon Gari. Daga yau kin huta, maza ki kai."

"Inna, bari in niƙa da hannu."

"Ji ja'ira! Da can wa ke kukan ciwon baya?"

Na tafi. Ina tsaye a layi, injin yana ta ruri, ko muryata ba na ji, har hantsi ya wuce.

Bai sake biyowa ba. Daga baya aka ce ya bi wani ɗan'uwansa kudu. Na yi aure, na zauna lafiya da mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Amma waƙar nan ban taɓa rera wa kowa ba, kuma ko baiti ɗaya ban manta ba. In ina tankaɗe ni kaɗai nakan ji ta taso har maƙogwaro. A nan take tsayawa.