Ranar da Na Kai Yayata Asibiti

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Allakaye, ni da yayata, a gaban wata tsohuwar mota kat-kat da aka danƙara wa buhunan albasa. Yayata ita kaɗai ce unguwarzoma a ɗakin shan maganin garinmu. Cikinta ya daɗe yana ci mata wuta: ƙwannafi, kumburi, wata rana amai. Sai da na yi mata rashin kunya irin ta ƙane kafin ta yarda mu je asibitin mishan.

Hanyar Buza duwatsu ne da ramuka, amma ba ita ta ɓata mini rai ba. Kowa a motar nan likita ne. Direba ya ce ta bar yajin tonka, wata tsohuwa ta ce kanwa da hura mai sanyi, wani ya rantse sammu ne. Ana haka wayarta ba ta huta ba. Tana dafe da ciki, tana koya wa wani yadda zai kwantar da matarsa mai zubar jini.

Mun wuce Madawa da hantsi. A asibiti likita ya auna, ya sa aka yi gwaji, ya ce gyambon ciki bai kama ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Sannan ya tambaye ta: "Madam, yaushe rabonki da cin abinci a zaune?" Ta yi ta tuno har ya gaji ya koma rubutu. Ya ce cikin da mai shi ba ya barci, kullum a firgice, ba ya narkar da komi yadda ya kamata. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce hutu ne babban maganin.

Da muka dawo tashar Madawa na karɓe wayar na kashe. Muka ci shinkafa da miya, ta share kwano, ta yi gyangyaɗi a kan benci, ciki lafiya lau.

Da za mu koma muka biya ta wurin manyanta na aiki neman konje, wato hutu. Wani mai babbar kujera da fanka ya kira ta jaruma, ya ce babu wadda za ta canje ta sai bayan damina, ta ƙara haƙuri. Na yi karatu gwargwado, ban taɓa cin karo da littafin da ya ce yabo na warkar da hanji ba.

Mun iso gida bayan la'asar. An kawo tuwo, ta wanke hannu ke nan, sai ga amalanke a ƙofa da mace tana naƙuda. Mijin ya durƙusa: "Madam, ina gajiya?"

"Babu gajiya," in ji ta, ta rufe kwanon.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, duk garin mun san abin da ke cin yayata, mu ne. Kuma da matata ce a amalanken nan, ni zan fara buga mata ƙofa.