Tarin Baba a Talabijin

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu ya san tarin Baba. Sau uku yake zuwa a jere, biyu gajeru, na ukun dogo mai ƙarewa da ɗan fito kamar na butar shayi. Tun ina ƙarama da shi nake gane ya shigo layinmu, kafin ma in ji ƙarar kekensa. A masaƙa ya samo shi. Shekara ashirin da biyu ya yi a tsaye gaban injin saƙa yana shaƙar ƙurar auduga, kuma a can tarin bai taɓa damun kowa ba, don ƙarar injuna ko ihu ka yi sai dai a ga bakinka yana motsi. Da aka rufe masaƙar, abu biyu ya fito da su, tarin nan da hannun da ya iya naɗe zare ba tare da ya harɗe ba.

Ni ce mai rubuta abubuwan gidanmu, a wani littafi da ya rage mini tun ina sakandare. Haihuwa, rasuwa, ranar da aka ja mana famfo, duk suna ciki. Wannan labarin kuwa ban iya rubuta shi ba sai bana, bayan rasuwar Kaka, mahaifiyar Baba.

Shekara biyu Baba ya yi a zaune kafin ya samu aiki a wani gidan talabijin, yana da shekara hamsin da ɗaya. Aikin jan waya ne, mafi ƙanƙanta a wurin. Kowace kyamara tana kan tayoyi, tana da waya mai kaurin wuyan hannu da ke bin ta a ƙasa. In mai kyamara ya matsa gaba, mai jan waya ya saki, in ya ja baya, ya naɗe da sauri kafin taya ta taka. A duƙe ake yinsa, a bayan kowa. Samarin wurin, waɗanda duk ya haife su, suka sa masa suna Baba Waya. An ce gwaji ne na wata uku. In ya wuce, za a tabbatar da shi, a ba shi katin asibitin ma'aikata, wanda da shi muke fatan a ƙarshe likita zai duba ƙirjin nan yadda ya kamata.

Dokar ɗakin ɗaukar shiri ɗaya ce babba. In jar fitilar saman ƙofa ta kama, shiri yana tafiya kai tsaye, ko numfashi sai ka yi a hankali.

Kaka idanunta sun yi rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta tambayi ta wane ce. Kullum ƙarfe huɗu sai ta sa in kunna mata shirin tattaunawar da Baba yake aiki a cikinsa, ko da yake na gaya mata ba a nuna masu jan waya. A mako na biyu, ana tsakiyar hira, sai muka ji shi can ƙasa-ƙasa a bayan maganar baƙon, biyu gajeru, ɗaya dogo.

Kaka ta dafa gwiwata. "Takwara, kin ji? Ɗana ne! Wallahi ɗana ne a talabijin!"

Kafin magariba duk maƙwabta sun ji labari. Tun daga ranar ba ta sauraron abin da ake faɗa a shirin, tarin kawai take jira.

Abin da ba ta sani ba shi ne, ranar aka yi wa Baba kashedi na farko. Wata guda bayan nan tarin ya sake kuɓuce masa, Kaka ta yi ta murna, shi kuma darakta, wani matashi mai yawan duba agogo, ya kira shi gefe.

"Dattijo, na biyu ke nan. Ni ma daga sama ake kirana a wanke ni tas. In aka yi na uku ba zan iya tare maka ba."

Ni kaɗai Baba ya gaya wa, ya kuma haɗa ni da Allah kada Kaka ta ji. "Uwata," ya ce, don haka yake kirana saboda sunan Kaka da na ci, "shekara biyu tana jin kunyar a tambaye ta aikin ɗanta. Bar ta da farin cikinta."

Sai ya samo dabara. Duk bayan minti goma sha biyar ana tafiya talla, jar fitila ta mutu na minti biyu. Sai ya ajiye waya, ya ruga ta ƙofofi biyu masu nauyi zuwa lungun da ake ajiye bokitai, ya zazzage ƙirjinsa, ya kurɓi ruwan ɗumi, ya dawo. Da haka ya kai ranar ƙarshe ta gwaji.

Da safen ranar na zuba masa ruwan ɗumi da zuma a filas. Yana ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke, Kaka ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Kai, kwana biyu ba na jin ka. Ko rowar tarin kake mana? Yau ka yi mini da ƙarfi."

"To, Inna," in ji shi, yana murmushi yana kallona.

Na raka shi bakin ƙofa na ce, "Baba, da rana ka kunna wayarka ka gaya mini yadda ƙirjin yake." Kullum a kashe yake barin wayar hannunsa a wurin aiki. Ni na sa ya kunna.

Abin da ya faru a can, wani sashe shi ya ba ni, sauran kuma daga bakin Dogo na ji, mai kyamarar da Baba yake ja wa waya, ranar da ya zo mana gaisuwar Kaka.

Tun da ya isa ya tarar gidan a hargitse. Wani babban baƙo zai zo shirin ƙarfe huɗu, irin wanda shugaban gidan da kansa yake tarowa a bakin mota. Ɗayan mai jan wayar bai zo ba, don haka kyamara biyu suka dawo kan Baba. Ya ɗauko kujeru daga hawa na biyu, aka ce ba su ba ne, ya mayar, ya ɗauko wasu. Ya riƙe tsani ana canza fitilu. Ya goge ƙasa, wani ya bi ta kai da takalmi, ya sake gogewa. Darakta yana ta ihu ta lasifika daga ɗakinsa na sama mai gilashi, kowa yana sauke nasa haushin a kan na ƙasa da shi, a ƙasan kowa kuma sai Baba.

Wajen ƙarfe biyu ya samu ya zauna a lungun bokitai. Ya kunna waya, ya rubuto mini kalma biyu, "Da sauƙi." Kafin ya kashe aka ƙwala masa kira.

"Baba Waya! Kafet! Ɗauko jan kafet ɗin nan na sito, yanzu-yanzu!"

Ya jefa wayar a aljihu ya tashi. Kafet ɗin ya fi shekara a naɗe. Ya saɓo shi a kafaɗa, fuskarsa a jikinsa, da suka warware shi kuwa ƙura ta tashi har ana ganinta a hasken fitilu. Dogo ya ce ya ga Baba ya runtse ido ya dafa ƙirji. Ga shi an ƙure sanyin ɗakin saboda zafin sabbin fitilu, sanyi kuwa shi ne babban abokin gabar ƙirjinsa.

"Dattijo, za ka iya?" in ji Dogo.

"Minti sha biyar-sha biyar ne, ɗana. Na saba."

Ƙarfe huɗu jar fitila ta kama. Minti goma sha biyar na farko ya cinye su da haɗiyar yawu. Ya ga mai gabatarwa ta gyara zama za ta ce a tafi talla, har ya sassauta hannunsa a kan waya. Sai ta taɓa kunnenta, ta ɗan yi jim, ta yi murmushi ta jefa wa baƙon wata tambayar.

Dogo ya karkato kai, ya motsa leɓe ba sauti, irin maganar da Baba ya ƙware da ita tun a masaƙa. Na'urar talla ta tsaya. Babu hutu har ƙarshe.

Saura minti arba'in da biyar. Baba ya sake damƙe wayar. In ya ajiye waya ya fita, kyamarori biyu za su tsaya cak, laifi ne. In ya yi tari, na uku ke nan. Ya danna harshe a dasashi. Ya riƙa jan numfashi ta hanci kaɗan-kaɗan kamar mai satar iska. Abin yana masa yawo a maƙogwaro kamar an saka gashin kaza ana juyawa. Ya cire hularsa ya cusa a baki ya cije. Hawaye suna zuba, ba ya ganin wayar, da hannu kawai yake sakinta yana naɗewa, kuma Dogo ya rantse mini ko sau ɗaya taya ba ta taka ba. Da tsayuwa a duƙe ta gagara, sai ya durƙusa ya ci gaba da bin kyamara da gwiwa. Mai kula da sauti ya ce daga baya yana jin fiton ƙirjinsa a kunnensa, ya yi ta rage makirfon da ke kusa da shi yana masa addu'a.

Mu kuwa a gida muna zaune gaban talabijin. Ni ina kallon agogon bango, na lura ba a tafi talla ba. Kaka ta karkata kunne tun farko, har wuyanta ya gaji.

"Takwara, yau ma shiru."

"Kaka, ai ba kullum ba ne."

"Ke tafi can. Da bakinsa ya ce mini to. Ɗana bai taɓa ce mini to ya saɓa ba." Ta juyo wajena. "Da safe na ji numfashinsa bai yi mini ba. Ko ya faɗi ne suka fitar da shi? Kira mini shi."

"Ba a kira in suna aiki."

"Ni na haife shi ko su?"

Na lallashe ta, na ce saura minti shida a gama. Ta ce to in ɗebo mata ruwa, zuciyarta tana bugawa. Na tashi na shiga kicin. Na manta ƙaramar wayar gida tana ƙarƙashin matashinta, kuma ni da kaina na koya mata in tana son Baba ta danna maɓallin farko ta riƙe.

Ina riƙe da kofi na ji ƙarar wayar Baba, irin ta ƙararrawar keke da ya zaɓa don ya riƙa ji a hanya. Daga cikin talabijin take fitowa. Baƙon ya katse maganarsa ya waiwaya. Mai gabatarwa ta ƙame da murmushi a fuska. Baba ya saki waya ya kai hannu aljihu, hular ta faɗo daga bakinsa, abin da ya danne kusan awa guda ya ɓalle gaba ɗaya. Wannan karon ba uku ba ne. Ya yi ta zuwa, ya yi ta zuwa, har na ji wani abu ya faɗi, sannan hoton ya ɗauke aka saka tambarin gidan da kiɗa.

"Alhamdulillahi," in ji Kaka, ta ajiye wayar a cinya. "Yana nan lafiya. Kin ji ƙarfinsa kuwa?"

Kofin yana hannuna, na kasa ba ta, na kasa ajiyewa.

Dogo ya ce su biyu suka kama shi zuwa lungun bokitai. Darakta ya sauko da gudu, bakinsa cike da faɗa, da ya gan shi a zaune a ƙasa sai ya haɗiye faɗan. Can ya ce, "Dattijo, minti shida fa. Minti shida kawai ya rage." Baba ya ciro katin shiga da ke rataye a wuyansa ya miƙa masa tun kafin a tambaya.

Kafin magariba muka ji shi a bakin layi. Turo keken yake, bai hau ba. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe da Kaka kamar kullum, muryarsa a dushe.

"Na ji ka," ta ce, tana shafa kansa. "Har wayarka na ji. Duk gari sun ji."

"Ai don ke na yi, Inna."

Na bi shi tsakar gida ina kuka, ina cewa ni na sa ya kunna wayar, ni na koya mata kira. Yana wanke fuska a bakin famfo, bai ɗago ba.

"Uwata, ko ba wayar, da ƙyar in kai. Ɗauko mini tawul."

Washegari ƙarfe huɗu Kaka ta ce a kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ji komai ba. Da Baba ya shigo da yamma, ya gaya mata an mayar da shi ɗakin sama mai gilashi, inda sauti ba ya fita. Ta ce ai dama ta san ba za su bar mutum kamarsa a ƙasa ba, ta aika ni in gaya wa maƙwabta. Na je na faɗa.

Bayan mako uku mai kula da sautin nan ya haɗa shi da wani yayansa mai ba da hayar lasifika a wuraren taro. Can Baba yake har yau, yana shimfiɗa waya yana naɗewa a gindin manyan lasifikoki, inda babu mai jin tarinsa. Aikin ba kullum ba ne, kuma babu katin asibiti. A ranakun da babu taro, sai da ya riƙa hawa keke da safe yana fita duk da haka, har tsawon wata goma sha huɗu da Kaka ta ƙara yi a duniya, don kada ta ji shi a gida lokacin shirin ƙarfe huɗu. Ban taɓa tambayarsa inda yake zuwa ya zauna ba.